Wutar gyaɗa daban, wutar lauz daban

Mu da muka tashi da gyaɗa a hannu mukan shiga kicin ɗin Hijaz da tunanin cewa duk ƙwayar da ke da ɓawo da mai suyarta ɗaya. Wannan tunanin ya ja mini asarar lauz (almon) da sanaubar ('ya'yan itacen fayin) ba kaɗan ba lokacin da na fara girkin biki a Makka. Gyaɗa tana da haƙuri. Za ki zuba ta a kasko da rairayi ko gishiri, ki yi ta juyawa kina hira, ta yi minti 20 ba ta yi miki komai ba. Sanaubar kuwa, kafin ki amsa sallama ki juyo ya zama gawayi, alhali kuɗin kilo ɗayansa zai saya miki gyaɗa kilo da yawa.

Larabawa suna da suna ɗaya da ya tattara su, mukassarat, shagon da ake soya su a sayar kuma mahmasa. Mu ba mu da kalma guda, kowanne da sunansa muke kiransa. Lauz shi ne almon, yawancin na kasuwa daga Amurka yake zuwa, amma akwai na gida, lauz bajali, da ake nomawa a duwatsun Bani Malik kudu da Ɗa'ifa, ya kuma fi tsada. Kaju shi ne ƙwallon yazawa. Ba za ki taɓa ganinsa da ɓawonsa a shago ba, don ɓawon yana da wani mai da ke ƙona fata. Sai fustuƙ mai kore (pistachio a Turance), da bunduƙ (hazelnut), da jauz (walnut) wanda wasu ke kira ainul jamal, wato idon raƙumi, da sanaubar, 'yan sirara farare da ake cirowa daga itacen fayin. Gyaɗarmu kuma ful sudani suke ce mata, kuma ba su yi kuskure da suka ce ful ba, don dangin wake ce, ba 'yar itace ba. Haka aya, wadda suke kira habbul aziz, saiwa ce.

Abin da ya raba suyarsu shi ne yawan mai da girman ƙwaya. Gyaɗa da lauz kusan rabinsu mai ne. Kaju da fustuƙ sun ɗan gaza haka. Jauz da sanaubar kusan kashi biyu cikin uku mai ne, shi ya sa suke saurin ƙonewa a wuta, suke kuma saurin lalacewa a ajiye. A garin da zafi ke haura digiri 40 da rani, jauz ɗin da aka bari a kabat kusa da murhu ba zai daɗe ba zai fara warin tsohon fenti, ɗanɗanonsa ya koma ɗaci mai kama maƙoshi. Suya ba ta gyara shi, sukari ba ya rufe shi. Don haka ba na saye sai na ɗanɗana, kuma masu mahmasa ba sa hana ɗanɗano. Ina sayen ɗanye, ba soyayye mai gishiri ba, in raba shi ƙulli-ƙulli na gram 250, in matse iskar ledar, in jefa a firiza. Cikakkiyar ƙwaya ta fi niƙaƙƙiya daɗewa nesa ba kusa ba.

Lauz na kan shinkafa, ko bukhari ce ko kabsa, aikinsa yana farawa tun jajibiri. Ki tafasa ruwa, ki zuba lauz, ki ba shi minti 1 cif, ki tsame ki zuba a ruwan sanyi. Idan kika matsa ƙwaya tsakanin babban yatsa da manuni za ta sulɓe daga rigarta. In ya wuce minti 2 a ruwan zafi ya sha ruwa ke nan, zai yi laushi kamar dafaffen wake, kuma ba zai yi ƙaras-ƙaras yadda ake so ba. Tun yana da danshi ake tsaga shi biyu da bakin wuƙa ta wajen gaɓarsa, domin in ya bushe farfashewa yake yi. Sai a baza a kan tsumma mai tsabta ya kwana. Wannan busarwar ita ce mutane ke tsallakewa saboda sauri, sai mai ya yi ta tartsatsi, waje ya yi ja, ciki yana nan ɗanye.

Wajen suya na daina jiran mai ya yi zafi. Ga lauz kofi 1, ina zuba mai cokali 4 manya a kasko mai kauri, in zuba lauz ɗin tun man yana sanyi, sannan in kunna wuta ƙasa da matsakaiciya. Haka zafi ke ratsa ƙwayar a hankali. Minti 3 na farko kamar ba abin da ke faruwa, sai 'yan kumfa. Daga nan launi ke fara juyawa, kuma daga ya fara ba ya tsayawa. Kada hannu ya bar cokali. Ana kwashewa ne tun launin bai kai inda ake so ba, yana ruwan ƙasa mai haske kamar bayan burodi mai laushi, saboda man da ke cikin ƙwayar yana ci gaba da soya ta bayan ta bar wuta. Wadda ta jira ya yi ja a kasko za ta tarar da shi baƙi-baƙi a faranti. Faranti mai faɗi da takardar tsane mai su kasance a gefe tun kafin a kunna wuta, a baza, kada a tara shi tsibi.

Ba a haɗa su a kasko ɗaya lokaci ɗaya, ko da kuwa a tire ɗaya za su haɗu. Lauz ne farko. Sai kaju, wanda ke yin dabbare-dabbare idan man ya yi kaɗan, domin a lanƙwashe yake, gefensa kawai ke taɓa kasko, don haka shi yana son man ya kusa rufe shi. Sai a rage wuta sosai a sa sanaubar, minti 2 ya ishe shi, wani lokaci ma kashe wutar nake yi in bar zafin man ya ƙarasa. Zabibi ne ƙarshe, daƙiƙa 20 zuwa 30, yana kumbura a kwashe, tunda zaƙinsa yana ɓata mai, duk abin da ya biyo bayansa zai ɗauki ɗaci. Soyayyen man shanu, wanda suke kira samin, ya fi ƙamshi kuma yana jure wuta. Bota na kanti yana ƙonewa kafin lauz ya soyu. Kuma sai an zo kai abinci ake barbaɗa su. Idan aka zuba a kan shinkafa aka rufe da leda ko murfi, tururi zai mayar da wahalar jiya banza cikin rabin awa.

Fustuƙ ba na soya shi sam. Korensa ake saye, wuta kuma tana kashe shi. A daddatsa da wuƙa a barbaɗa kan kayan zaƙi irin su kunafa ko muhallabiyya, shi ke nan. Jauz na cikin ma'amul, biskit ɗinsu mai cushe, kuwa, in yana da ɗan ɗaci daga fatarsa, jiƙa shi a ruwan ɗumi na minti 15 da gasa shi a oven mai digiri 160 na minti 8 yana rage shi. A yanka da wuƙa. Bilenda tana mayar da shi kwaɓin mai nan take.

Sai gyaɗa. Waɗancan galibi ado ne a saman abinci, ita kuwa cikin tukunya take shiga ta zama jikin miya, kuma a nan ne hannunmu ya fi na kowa. Kafin komai a tsince ta. Duk ƙwayar da ta yamutse, ta yi baƙi, ko ta yi fumfuna, a zubar, kada a ce wuta za ta kashe. Fumfunar gyaɗa tana haifar da wata guba mai cutar da hanta, kuma suya ta gida ba ta kawar da ita. Ina soya kilo 1 a cikin gishiri kilo 1 maimakon rairayi, a kan matsakaiciyar wuta. Alamar ta yi ita ce ki murza ƙwaya a tafin hannu, jar rigar ta fita da sauƙi, cikin ya yi ruwan zuma mai haske. Ta miya ana barinta da haske, ta ƙuliƙuli a ɗan ƙara mata.

A bilenda tana bin mataki uku: gari, sai dunƙule, sai ta saki mai ta zama kwaɓi. Da yawa suna tsorata a mataki na biyu su zuba ruwa, sai ta daskare ta kashe injin. Haƙuri ake yi, a niƙa kofi 2 a lokaci guda, ana hutar da injin, kuma tun tana da ɗumi ta fi saurin saki. In mai ake son cirewa, sai a juye a tukunya ko turmi, a riƙa ɗiga ruwan zafi cokali-cokali ana tuƙawa. Kwaɓin zai yi tauri, ya yi duhu, mai ya fara tsattsafowa. Ga kilo 1, ruwan da ke shiga bai cika wuce rabin kofi ba. In ruwa ya yi yawa man ya koma ciki, ba kuma zai sake fitowa ba, sai dai a yi miya da ita. Abin da ya rage bayan an matse shi ne tunkuza, ita ake mulmulawa a soya ƙuliƙuli.

Wannan ƙuliƙulin shi ne ƙashin bayan siriya, tsirenmu da mutanen Makka da Jidda suka karɓa har ya zama nasu. Na gwada gajeriyar hanya, niƙaƙƙiyar gyaɗa da ba a cire wa mai ba, sai ta narke ta zube cikin garwashi, wuta ta tashi, nama ya fito tsirara da hayaƙi. Garin ƙuliƙuli kofi 2, citta cokali 2, barkono cokali 1, masoro da kanumfari rabin ƙaramin cokali kowanne, da gishiri, sun ishi nama kilo 1 da aka yanka fale-fale. A shafa wa naman mai kaɗan, a danna garin da tafin hannu, a bar shi awa 1 ya kama kafin ya ga wuta.

A miya, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ba a jefa ta dunƙule a tafasasshen ruwa, gudaji za ta yi. A dama cokali 5 da romo mai ɗumi har ta zama kamar koko, sannan a zuba, a rage wuta, ana goga cokali a gindin tukunya don tana kamu. Idan mai ya taso ya yi ja a sama, ta nuna.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne gahwar lauz da mutanen Hijaz ke sha ranar 1 ga Muharram, suna fatan shekara ta yi fari kamar ta. Sunan gahwa ne kawai, babu gahwa a ciki, 'yar uwar kunun gyaɗa ce sak. Madara lita 1, ɓararren lauz ɗanye kofi 1, garin shinkafa cokali 2, sukari cokali 4, da ɗan hel, wato kayan ƙamshin da ake kira cardamom a Turance. Ina niƙa lauz ɗin tare da garin shinkafar, don garin yana shanye man ya hana shi cuɗewa. A dama komai a madara mai sanyi, sannan a ɗora, ana juyawa minti 10 zuwa 12 har ta ɗan yi kauri. Bambancinta da kununmu shi ne tsami. Ita ba a sa mata, shi kuma kunun gyaɗa sai an sauke bayan gasarar shinkafa ta kama ake zuba ruwan tsamiya, in ba haka ba ya tsinke ya yi ruwa daban, gyaɗa daban.

A girkin taro ina faɗa wa uwar biki abin da ke da gyaɗa ko kaju a ciki, domin akwai masu jikin da ba ya karɓarsu, baki ya kumbura, numfashi ya toshe, abin ya kai ga asibiti cikin gaggawa. Tiren da za a kai ɗakin yara ƙanana kuma ba na barbaɗa masa cikakkiyar ƙwaya, tana iya sarƙe su.

Man da aka yi suyar lauz da kaju a ciki, in dai an ɗebe shi kafin zabibi ya shiga, ba na zubarwa. Ina tace shi da rariya in soya albasar shinkafar da shi.