Kwana a Garin Maulaya Idris Lokacin Girbin Zaitun

Yawancin mutanen Katsina da ke zuwa Maroko birnin Fas suke nufa, domin ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a shekarar 1815 aka kuma binne shi a zawiyarsa da ke cikin tsohon gari. Daga masauki sai zawiya, daga zawiya sai kasuwa a sayi jallabiya da carbi da takalman fata na tsaraba, sannan a kama hanyar Kasabalanka a hau jirgi. Da wannan niyyar na raka kawuna, wanda muƙaddami ne a unguwarmu, amma da muka kammala ziyara sai ya kafe cewa ba zai bar ƙasar ba har sai ya je ya gai da mahaifin wanda ya raya Fas ɗin, wato Maulaya Idris babba, wanda kabarinsa ke wani ƙaramin gari mai ɗauke da sunansa a gindin dutsen Zarhun.

Tafiyar ba ta da wuya. Daga Fas zuwa Miknas kimanin kilomita 60 ne a jirgin ƙasa, daga Miknas kuma wajen kilomita 30 a motar haya mai ɗaukar mutum shida, wadda ba ta tashi sai ta cika. A cikin motar Kawu ya ba ni tarihin mai garin, da muryar da yake jan baƙi a karatun azumi. Idris ɗan Abdullahi tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan ne, ya tsira da ransa daga yaƙin Fakhkhu kusa da Makka a shekarar 786, lokacin da Abbasiyawa suka murƙushe boren danginsa. Ya yi ta gudun hijira tare da baransa Rashid har ya iso Walili, tsohon birnin Rumawa da ke ƙasan wannan gari, a 788, inda Berberawa 'yan ƙabilar Auraba suka karɓe shi suka yi masa mubaya'a. Bai daɗe ba, domin a 791 ya rasu, kuma marubuta tarihi sun ce guba aka sa masa da umarnin Halifan Abbasiyawa Haruna Rashid. Ya bar matarsa Kanza da ciki, ta haifi Idris ƙarami, wanda ya girma ya mayar da Fas babban birni.

Garin da kansa bai kai girman tarihinsa ba, don a ƙidayar 2014 mutanensa dubu 11 ne da 'yan kai. Tuddai biyu ne, Khibar da Tasga, fararen gidaje sun hau kansu wani bisa wani, hubbaren kuma yana kwance a tsakaninsu da koren rufinsa. Mota tana iya kaiwa dandalin gari ne kawai. Daga nan duk inda mutum zai je sai matakala. Ni da na tashi a Katsina, inda tudun da ƙafata ta fi sani shi ne matakalar hasumiyar Gobarau, ban yi nisa ba numfashina ya fara sarƙewa, yayin da wata tsohuwa mai ɗauke da faranti cike da ƙullin gurasa ta wuce ni zuwa gidan gashi na unguwa ba tare da ta tsaya ko sau ɗaya ba. Kawu kuwa dabara ya yi: duk inda gwiwa ta gaza sai ya tsaya ya ce, “Ɗana, dakata mu kalli ikon Allah,” ya juya yana duban kwari har sai ya huta.

A irin wannan gari jaki yana da daraja da ya riga ya rasa a wurinmu. A Katsina babur da Keke Napep sun karɓe masa aiki, amma a nan babu injin da zai hau waɗannan lunguna, saboda haka tukwanen gas da buhunan siminti da garin alkama da akwatunan lemo duk a bayansa suke hawa, kuma idan mai jaki ya ɗaga murya dole kowa ya lafe a jikin bango, malami ne ko baƙo.

Hanyar shiga hubbaren wani dogon zaure ne daga dandali, masu sayar da kyandir da turare da farar alewa mai gyaɗa sun jeru a bakinsa. An gitta wani katako a ƙofar, wanda kowa sai ya sunkuya kafin ya wuce. Nan ne iyakar wanda ba Musulmi ba, kuma nan ne iyakar dabbobi. Ginin da ake gani yanzu aikin Sarki Maulaya Isma'il ne, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727 yana zaune a Miknas. Mun yi sallama, mun yi addu'a, Kawu ya daɗe zaune yana zubar da hawaye. Da muka fito wani ɗan rakiyar baƙi ya matso yana gaya mana cewa ziyartar wurin sau kaza tana daidai da aikin Hajji ga talaka. Kawu ya dube shi ya ce masa cikin Larabcin littafi, Hajji a Makka ake yin sa, kuma mai kabarin da kansa ba zai yarda da wannan magana ba. Saurayin ya yi dariya ya koma neman wani baƙon.

Da magariba muka shiga wani ƙaramin masallacin unguwa a saman tudu, ba nisa da wata hasumiya mai siffar da'ira wadda aka gina a 1939 aka lulluɓe ta da koren tangaran mai rubutun Alƙur'ani, alhali yawancin hasumiyoyin ƙasar masu kusurwa huɗu ne. Bayan salla dattawa suka yi da'ira suka fara karatun izu ɗaya da murya ɗaya, kamar yadda suke yi kullum bayan asuba da magariba. Ruwayar Warshu ce, wadda muka taso da ita a makarantar allo, kuma mazhabarsu ta Imamu Malik ce, don haka Kawu ya zauna cikinsu ya ɗora daga inda suke ba tare da ya buɗe Alƙur'ani ba. Na ga wani dattijo ya ɗago ya dube shi, sannan ya ɗan gusa ya ba shi wuri a kan buzu.

Mafi yawan baƙi sa'o'i kaɗan suke yi a garin su koma Miknas ko Fas, kuma har zuwa 2005 ba a barin wanda ba Musulmi ba ya kwana a cikinsa. Mu kwana muka yi a wani gidan iyali da aka mayar da ɗakunansa na sama masaukin baƙi, kuma a ganina wanda bai kwana ba hubbare kaɗai ya gani, bai ga abin da mutanen ke rayuwa da shi ba. Watan Disamba ne, ga sanyi ga yayyafi, domin daminarsu tana zuwa ne lokacin hunturunmu, raninsu kuma lokacin da mu muke cikin marka. Da safe maigidan ya kawo mana bisara, wato faten busasshen wake mai faɗi, an kwarara masa man zaitun an barbaɗa yaji, da gurasa mai zafi da shayi mai na'ana'a. Kawu ya tsaya yana kallon yawan man da aka zuba a kwano ɗaya. A Katsina man zaitun a ƙaramar kwalba muka san shi, a shagon masu magungunan Musulunci, ana yi masa tofi a shafa wa mara lafiya ko a ɗiga a baki. A nan kuwa shi ne man girki, shi ne mahaɗin gurasa, shi ne kuɗin makarantar yara da kayan ɗakin amarya.

Maigidan ya kai mu gonarsa a gangaren dutse. Iyali duka suna wurin: an shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin itatuwa, maza suna kaɗa rassa da dogayen sanduna, mata da yara suna tsincewa suna fitar da ganye suna zubawa a buhu. Kawu ya ɗauki ƙwaya ɗaya baƙa wuluk, ya yi bismilla, ya karanta farkon Suratut Tin, ya jefa a baki. Nan take ya tofar, fuskarsa ta yamutse, yara suka fashe da dariya, don ɗanyen zaitun ɗaci gare shi ƙwarai, ba ya ciwuwa sai an jiƙa shi an sa masa gishiri ya yi makonni. Daga gona ake kai buhunan wurin matsa. Yawancin mutane yanzu inji suke kaiwa, amma mun ga tsohon wuri guda inda alfadari ke juya wani ƙaton dutse yana niƙe 'ya'yan har da ƙwallonsu, sannan a cusa niƙan cikin saƙaƙƙun fayafai a jera su a danne, mai ya riƙa tsatsowa kore shar da ɗan yaji a maƙogwaro. Kilo 100 na 'ya'yan kan ba da lita 15 zuwa 20, gwargwadon shekara da nunar zaitun. Tunkuzar da ta rage ba a zubar da ita; da ita ake hura wutar gidajen gashi da gidajen wanka, har maginan tukwane na Fas suna saye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda maigidan ya san itatuwansa ɗaya bayan ɗaya: wannan kakansa ya dasa, wancan rabon gadon ƙanwarsa ne ko da yake yana cikin gonarsa, waɗancan ƙanana kuma shi ya dasa su saboda jikoki, tun da zaitun yana shekaru kafin ya fara ba da abin kirki, amma idan ya kama yana iya yin ɗaruruwan shekaru. Saiwoyinsu ne ke riƙe ƙasar gangaren, ba don su ba da ruwan sama ya kwashe ta zuwa kwari. Na tuna gonar kakanmu a hanyar Jibiya, wadda muka taso tana da gawo da ɗorawa da tsamiya, yau kuwa sai kututture, domin masu gawayi sun biya kuɗi a hannu kuma magada sun yi yawa. Ba na cewa manomin Zarhun ya fi namu hankali. Itacensa yana kawo masa kuɗi kowace shekara kuma kowa ya san mai shi, shi ya sa gatari bai kusance shi.

Su ma suna da nasu kukan. Fari ya yi ta bin ƙasar shekaru a jere, man zaitun ya yi tsadar da talaka ke auna shi da cokali, dabbobi kuma sun ragu har Sarki Muhammadu na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da layya a 2025. 'Ya'yan maigidan maza biyu suna birni, ɗaya kuma hankalinsa yana Sifen.

Kafin mu koma Miknas mun gangara Walili, 'yan kilomitoci kaɗan a ƙasan garin, kufan birnin Rumawa da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Akwai babbar ƙofar da aka gina don girmama Sarki Karakala a shekarar 217, da daɓen gidaje masu zane da ƙananan duwatsu, da ginshiƙan da wasu tsuntsaye dangin shamuwa suka yi sheƙa a kansu. An kwashi duwatsun wurin don gina Miknas, girgizar ƙasa ta 1755 kuma ta rushe saura. Masu tono sun gano wuraren matsar zaitun sama da 50 a cikin kufan, kuma dutsen niƙan da na gani a ɗaya daga cikinsu bai bambanta sosai da wanda alfadari ke juyawa a saman tudu ba.

Mun sayi jarka mai lita biyar a hannun maigidan, muka naɗe ta da leda da bargo a cikin akwati. Da muka iso Katsina labari ya riga mu, 'yan uwa da almajiran Kawu suka yi ta zuwa da ƙananan kwalabe, kowa da ciwon da yake so a yi masa tofi a kai. Ɗan abin da ya rage na kai wa maiɗakina na ce ta zuba mana a kan wake da shinkafa. Ta ɗanɗana ta ce yana da ɗaci, man gyaɗa ya fi shi, ta mayar da kwalbar cikin kabad kusa da zuma da habbatus sauda.