Hoton ba kowa

Laraba, 15 ga Afrilu 2020

Zafin yau ba a magana. Kuran ya ɗauke tun da hantsi sai bayan la'asar, da ƙyar batirin kyamara ya samu abin da zai fita da shi.

Saƙon wasu masu sayen hoto na ƙasar waje ne ya fitar da ni. Suna son hotunan wuraren shaƙatawar dare na Yamai a lokacin kullen korona, irin waɗanda ke yawo a intanet na dandalin Times Square na New York da titunan Paris, fitilu na ci, hanya fayau. Har sun jaddada kada mutum ko ɗaya ya fito a ciki. Na ce to. Tun da aka rufe mashaya da gidajen rawa a watan Maris, aka hana taro, ba suna ba ɗaurin aure, kyamarar nan ba ta kawo ko dala gida ba.

Abin da ba su sani ba, tun 28 ga Maris dokar hana fita ƙarfe 7 na yamma take farawa, sai 6 na safe. A watan nan kuwa wajen bakwai ɗin rana ke faɗuwa. Daren da suke so ɗin, ba ni da izinin tsayawa cikinsa. Ɗan jan hasken kafin magariba kawai gare ni, shi ma ina yi ina duba agogo.

Na bi ta Maourey na haura Château 1. A ƙofar wata mashaya na tsaya: kwaɗo a jikin ƙyaure, kujerun roba an jibge su an ɗaure da sarƙa, ƙura ta yi musu fari. Gefe guda ga tukubar mai tsire, toka ta huce, wata akuya na lasar wayar gashin. Na durƙusa ina neman yadda zan haɗa su a hoto ɗaya sai na ji murya daga bayan katanga.

"Samari, mi kake ɗauka nan? Ba kowa fa."

Mai gadi ne, dattijo, Ba'adare daga jin harshensa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ba kowan nake ɗauka."

Ya leƙo ya dubi bayan kyamarar, ya daɗe yana kallo. "Kuma a biya ka?"

Na ce in Allah ya yarda.

Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. Sannan ya shiga nuna mini da sanda, wuri bayan wuri. Nan mai shayi ke kafa teburinsa, da burodi da gwangwanayen madara. Nan wata mata ke soya kifi. Can masu taksi ke jira har asuba. Ƙarƙashin bishiyar can yaran fada ke shimfiɗa tabarma, buta na kan gawayi, karta na tafiya. Duk inda ya nuna yashi ne kawai, sai ɗan baƙin mai a ƙasa. Ya ce mai tsiren ya so ya koma garinsu amma an killace Yamai, ba shiga ba fita, yana nan wani ɗaki a Boukoki yana cin jari.

Ya ce, "To ni ka ɗauke ni mana, ko ni ma ba kowa ne?"

Na ɗauke shi. Ya gyara rawani, ya riƙe sanda kamar soja. Wannan hoton ba zai shiga cikin na aikawa ba, sharaɗinsu ya hana.

Tun da na dawo abin ke cina. A biranensu in mutane suka watse, gine-gine da fitilu na nan tsaye, akwai abin da ido zai kama, har a ce ya yi kyau. Namu daren a ka ake ɗauko shi, a amalanke, a bayan babur, in an tashi kuma a kwashe shi a tafi da shi gida. Wanda bai san wurin ba, in ya ga hotona zai ce ai fili ne da bai taɓa ganin jama'a ba. Sai an tsaya an yi masa bayani da sanda, kuma mai sandar shi ne aka ce a cire.

Na tuna Philippe Koudjina, wanda ya yi ta zagaya gidajen rawar garin nan da kyamara a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Hotunansa cike suke da mutane, ana rawa, ana zufa, kowa ya ci ado. Da su ake sanin yadda daren Yamai yake a zamanin. Mu kuma abin da za mu bar wa na baya kujeru ne da sarƙa. Ban ce ba shi da amfani ba, shaida ce. Amma raina bai kwanta da kyan da ake nema a cikinsa ba.

Bakwai saura kwata gari ya rikice da sauri, kowa na gudun kada ta rutsa da shi a hanya. Wannan ne ma hoton gaske na kullen, kuma cike yake da mutane. Na iso ƙofar gida ana kiran salla, kowa a gidansa zai yi.

Yaya ya duba hotunan ya ce, "Wannan ai ko da wayata sai in ɗauka." Ban tanka ba. Inna kuma tambayarta ɗaya, yaushe za su biya, don azumi ya ƙarato, ba a sayi gero da sukari ba.

Na zaɓi na turawa. Na Baba mai gadi zan nemi inda ake wanke hoto gobe, na yi masa alkawarin babba.