Tsibirin da na auna da ma'aunin Kano

Shekarata ta huɗu ke nan a wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Kano, inda yawancin aikinmu Umara ce da tikitin Dubai, lokacin da wani Alhaji, tsohon abokin cinikinmu, ya ce yana so ya kai iyalinsa Sri Lanka a hutun makaranta na watan Agusta. Mutum bakwai, kwana takwas. Maigida ya miƙo mini aikin, ni kuwa na karɓa da rawar jiki, don na gaji da cike fom ɗin biza iri ɗaya kullum.

Na buɗe taswira, sai na ga ƙasar gaba ɗaya murabba'in kilomita 65,610 ce, ba ta ma kai Jihar Neja girma ba. Na ce ai wannan kwana takwas ma ya yi mata yawa. Na jera komai: Kolombo, dutsen Sigiriya, Kandy, gonakin shayi na Nuwara Eliya, Ella, ganuwar Galle, bakin tekun Mirissa, sannan Dutsen Adam, wanda shi ne ainihin abin da ya ja hankalin Alhaji. Na ƙawata takardar da hotuna, na tura wa abokin hulɗarmu na Kolombo ina jiran yabo.

Amsarsa ta zo da gyara a kusan kowane layi. Na farko dai lissafin sa'o'ina. Daga Kandy zuwa Ella a jirgin ƙasa kusan nisan Kano zuwa Zariya ne, ni kuma na ba shi awa biyu da rabi. Ashe jirgin yakan cinye kimanin awa bakwai, domin Turawan Ingila sun shimfiɗa layin ne don sauko da kofi da shayi daga kan tsaunuka, yana ta kwana-kwana yana ratsa ramuka. Mutane ma don wannan jinkirin suke hawansa, su zauna bakin taga suna kallon mata masu tsinkar ganyen shayi. Mota ma ba ta tsira ba: Kolombo zuwa Kandy kilomita 115 ne kacal, amma sai a shafe awa uku ko fiye. Ni da na tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kilomita a wurina minti ne.

Gyara na biyu ya fi ba ni kunya. Tsibirin damina biyu gare shi, kuma ba wuri ɗaya suke sauka ba. Daga Mayu zuwa Satumba iskar kudu maso yamma ce ke kawo ruwa, ta jiƙa Kolombo da Galle da gefen tsaunuka, teku ya yi ta hauka. Sai wajen ƙarshen shekara ruwan ya koma arewa da gabas. Wato na ɗauki yara zan kai su wanka Mirissa a daidai lokacin da igiyar ruwa ta fi ƙarfi, alhali can gabas, a Trincomalee, teku na kwance lumui. A watan Agustan ne kuma giwaye ke taruwa da ɗaruruwansu a bakin tafkin Minneriya, saboda rani ya ƙafar da ƙananan tafkunan yankin. Tafkin ma mutum ne ya haƙa shi, Sarki Mahasen, tun ƙarni na 3. Ban sa shi a jerina ba sam, don hotonsa bai burge ni ba.

Sai kuma wata, na sama nake nufi. Duk ranar da wata ya cika, wajen 14 ko 15 a lissafinmu na Musulunci, hutu ne a ƙasar baki ɗaya, suna kiransa Poya. Bankuna a rufe, mahauta ba sa yanka. Bikin Esala Perahera na Kandy, inda ake jerin gwano da giwaye da makaɗa don girmama haƙorin Buddha da ke ajiye a haikalin garin, shi ma da wata ake lissafa shi, yana faɗowa a Yuli ko Agusta, ɗakunan otal kuma su yi wuya su yi tsada. Abin dariya, ni da nake lissafin Ramadan da Zulhajji kowace shekara don kujerun Umara da Hajji, bai taɓa zuwar mini cewa wasu ma da wata suke tsara rayuwarsu ba.

Duk waɗannan an gyara su a takarda cikin kwana biyu. Wanda ya gagara shi ne Dutsen Adam. Tsayinsa mita 2,243, a ƙololuwarsa akwai wani gurbi mai kamar sawun ƙafa. Mabiya Buddha sun ce sawunsa ne, 'yan Hindu sun ce na abin bautarsu Shiva ne, a tsakanin Musulmi kuma an daɗe ana cewa nan Annabi Adamu ya fara taka ƙasa. Larabawa na kiran tsibirin Sarandib. Ibn Battuta ya hau dutsen a 1344, ya ba da labarin hanyoyi biyu, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u, da sarƙoƙin ƙarfe da masu hawa ke kamawa. Shi ne dai matafiyin da ya zo Takadda ta yankin Agadas a 1353 har ya ambaci Gobir, kuma daga nan Alhaji ya samo sha'awar. Matsalar ita ce lokacin hawan daga ranar Poya ta Disamba ne zuwa ta Mayu. A Agusta fitilun hanya a kashe suke, rumfunan shayi a rufe, ga hazo ga santsi ga matsattsaku.

Na je har gida na same shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, na sa maka abin da ba zai yiwu ba a wannan lokacin." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni matakala nawa ce. Na ce ta haura 5,000, kuma da misalin ƙarfe biyu na dare ake tashi don a riski fitowar rana a sama. Ya dubi gwiwarsa ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro, da ka fara tambayata shekaruna, da ba mu kai nan ba." Gaskiyarsa. Na san lambar fasfo ɗin kowa a gidan, amma ban tambayi wa ke da ciwon ƙafa ba, wa ke jin jiri a mota, wa zai yarda ya shiga haikali, inda dole a cire takalmi da hula. Hajiya ma ashe Sigiriya ba ta dame ta ba, da matakalarsa kusan 1,200. Ita burinta ta yi salla a jan masallacin nan na unguwar Pettah a Kolombo mai ratsin fari da ja, wanda aka kammala a 1909, ta kuma sayi kirfa da shayi.

Haka suka tafi da wurare biyar maimakon takwas, kwana uku daga ciki a Trincomalee. Abu ɗaya da har suka tashi ban tuna ba shi ne rigar sanyi. Nuwara Eliya tana can kan tsaunuka, sama da mita 1,800, Alhaji ya kira ni daga can da daddare, ina jin yara na tari a bayansa, ya ce sun saya a kasuwar garin, kuma kuɗin a cikin ladana zai cire.