Gardamar Alhaji da kwanakin da doka ke ƙirgawa

Ni ke riƙe da fayilolin ma'aikata da lissafin albashi a wata masana'antar robobi da ke Sharada. Duk wanda inji ya ci wa yatsa, ko narkakkiyar roba ta fallatsar masa a hannu, a teburina maganarsa ke fara sauka kafin ta hau bene wurin Alhaji. Amsar da ke saukowa kuwa na haddace ta: "Gangancinsa ne." Wani lokacin kuma, "Wa ya ce a nan ya ji ciwon?"

Ban hana mai kamfani shakka ba. Akwai masu faɗuwa da babur a unguwa ranar Lahadi, su lallaɓo ranar Litinin su ce a bakin inji ne. Sai dai masu masana'antu da yawa, daga Bompai har Challawa, sun ɗauka muddin suna musu to maganar a tsaye take, sai ranar da suka ga dama. Alhali kwanaki na tafiya, ko an yarda ko ba a yarda ba.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar da ke riƙe da asusun biyan diyyar ma'aikata, ke gudanarwa, ta yanka wa kowa nasa wa'adin. Ma'aikacin da ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da mai aikinsa. Mai kamfani kuma kwana 7 aka ba shi ya kai rahoto hukumar, in rasa rai aka yi nan take. Takardar neman diyyar ana shigar da ita cikin shekara guda, sai in da wani uzuri na musamman a ɗaga har zuwa shekara 3.

Kwana 7 ɗin nan ne muka fi samun saɓani a kansa. Wani yaro da ke kan injin niƙa tsofaffin robobi ya yanke tafin hannu, aka garzaya da shi Asibitin Ƙashi na Dala. Da na hau da fom, Alhaji ya ture shi gefe, wai sa hannu tamkar amsa laifi ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, rahoto ne kawai. Suna, wuri, lokaci, irin raunin da likitan da ya duba shi. In kana da ja, mu haɗa da wasiƙa mu faɗi jan namu da sunan wanda ya gani da idonsa." Ya ce a bari tukuna a kira kawun yaron a yi sulhu. Sulhu alheri ne, ban musa ba, amma ba ya tsayar da wa'adi. Ita dokar ma ta hana ma'aikaci ya yafe haƙƙinsa na diyya ta hanyar wata yarjejeniya da mai aikinsa, don haka ko kawu ya karɓi dubu hamsin ya sa albarka, maganar ba ta mutu ba.

Batun ganganci ma bai da ƙarfin da ake zato, domin ba a kan neman mai laifi aka gina tsarin ba. Abin tambaya shi ne ko a bakin aiki ko ta dalilinsa raunin ya samu. Har hatsarin da ya rutsa da mutum tsakanin gidansa da wurin aiki dokar ta shigar da shi, abin da ke ba iyayen gidanmu mamaki duk sanda na faɗa.

To ina mai musu zai kai kukansa? Idan hukumar ta yanke hukunci, wanda bai gamsu ba, mai kamfani ne ko ma'aikaci, yana da kwana 180 ya rubuta mata ta sake dubawa. Ya wuce haka, damar ta kuɓuce. Daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kano. A wasu wuraren igiyar ta fi haka ɗaurewa: a jihar Kaliforniya ta Amurka, in aka shigar da buƙata mai kamfani bai ƙi ta ba cikin kwana 90, ana ɗauka ya amince raunin na aiki ne. Da haka ake yi a nan, da an rage cika aljihun tebur da takardun da ake jira su tsufa.

Abin da na lura da shi, wanda ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata ga asusun, kamar yadda doka ta ɗora wa mai kamfani ba tare da ya zaftare daga albashin kowa ba, bai cika tayar da jijiyar wuya ba, tunda daga asusun diyyar za ta fito. Mai zafin musu galibi shi ne wanda bai yi rajista ba, ko ya rubuta mutum talatin alhali ɗari ke kan inji, sauran ya kira su leburorin kullum. Su ma dokar ta lissafa su cikin ma'aikata, har da masu koyon aiki. Shi yaron injin niƙa yana cikin waɗanda ba a rubuta ba, shi ya sa fom ɗinsa ya yi wa Alhaji nauyin ɗauka. Sai da akanta ya buga masa lissafin abin da lauya zai ci in magana ta kai kotu, sannan ya nemi biro, ana saura kwana ɗaya wa'adin ya cika.