Asusun da ke bayan SUM da AVG a PostgreSQL

In ka rubuta SELECT shago, AVG(kudi) FROM ciniki GROUP BY shago, don neman matsakaicin kuɗin kowane shago, injin PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, yakan buɗe wa kowane shago nasa asusun, wanda masu rubuta manhaja ke ce wa akumuleta, ya riƙa jefa lissafi a ciki layi bayan layi. Idan kudi irin int4 ne, wato cikakkiyar lamba mai bayit huɗu, abu biyu kacal asusun AVG ke riƙewa: yawan layuka da jimillarsu. Duk layin da ya zo, wani aikin cikin injin mai suna int4_avg_accum zai ƙara ɗaya a ƙidaya, ya ɗora kuɗin a kan jimilla. Sai layuka sun ƙare tukuna wani aikin, int8_avg, ya raba jimillar da ƙidayar.

Amfanin wannan tsari yana fitowa fili ne in an raba aiki. Tun fitowa ta 9.6 a 2016, PostgreSQL kan rarraba tebur ga ma'aikata da dama, wato ƙananan shirye-shiryen injin da ke aiki lokaci guda, kowa ya cika nasa asusun, daga baya a haɗa. A ce na farko ya samu layi biyu, 100 da 300, matsakaicinsa 200 ke nan. Na biyu ya samu takwas, kowanne 1000. Wanda ya haɗa 200 da 1000 ya raba biyu zai ce 600, kuma ya yi kuskure, domin amsar gaskiya ita ce 8400 a raba goma, wato 840. Shi ya sa ma'aikaci ke miƙa ɗanyen asusunsa, ƙidaya da jimilla, a haɗa su kafin rabawa. A ganina duk mai son rubuta tasa dabarar tarawa da CREATE AGGREGATE, nan ya kamata ya fi zuba ido.

COUNT(DISTINCT) kuwa, mai ƙirga ƙimomi ba tare da maimaici ba, ba ya haɗuwa haka, tunda ƙima ɗaya na iya faɗawa hannun ma'aikata biyu a ƙirga ta sau biyu. Don haka PostgreSQL ba ya raba irin wannan tarawar.

NULL, wato gurbin da babu ƙima, ma yana yawan kada mutane. COUNT(*) layuka yake ƙirgawa, COUNT(kudi) kuma yana tsallake duk inda babu ƙima. SUM, mai tara jimilla, in bai samu layi ko ɗaya ba NULL yake mayarwa, ba sifili ba, sai ka naɗe shi da COALESCE, wanda ke maye gurbin NULL da ƙimar da ka zaɓa. Kuma da yake int4 ba ya wuce 2,147,483,647, jimillarsa a bigint, nau'in lamba mafi faɗi, take fitowa don kada ta malala.

Saura wurin ajiya. Rukuni miliyan, kamar shaguna miliyan, asusu miliyan ke nan a teburin hash, wato teburin da injin ke riƙe asusun a ƙwaƙwalwa. Kafin fitowa ta 13 a 2020, idan injin ya yi kuskuren kintata yawan rukunoni, teburin na iya kumbura ya zarce work_mem nesa ba kusa ba, wato iyakar ƙwaƙwalwar da aka ware wa aikin, wadda asalinta 4MB ce. Yanzu rarar kan sauka a faifai, aikin ya ɗan yi nauyi amma ya kammala. Gudanar da EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda injin ya yi aikin, ka duba layin HashAggregate: in ka ga Batches ya haura ɗaya tare da Disk Usage, to ya zube ke nan, sai ka ƙara work_mem ko hash_mem_multiplier, mai ninka work_mem ga teburin hash, a wannan zaman kaɗai.