Simintin da ya kusa cinye mana gidan wakafi a Gadarif

Gidan na wani dattijo ne da ya taso daga ƙasar Hausa zuwa hajji a ƙafa, kamar kakannin da yawa daga cikinmu, ya yada zango a Gadarif, a gabashin Sudan, don neman guzuri, zangon kuma ya zama wurin zama. Bayan rasuwarsa gidan ya daɗe a kulle. Ɗakuna uku ne na ginin ƙasa, irin wanda ake kira jalus a nan, da zaure, da tsakar gida mai faɗi wadda tsohuwar darbejiya ta yi wa inuwa. Magada suka yarda a mayar da shi wakafi: yara su yi allo da safe, mata su ɗauki karatu bayan la'asar, ɗaki ɗaya kuma ya zama masaukin malaman da ke fita wa'azi ƙauyukan gonaki. Sai da kowane magaji ya sa hannu a gaban shaidu, har da 'yarsa da ke aure a garin Mai Wurno, sannan muka taɓa ko da tsinke. Ni aka ɗora wa riƙon littafin kuɗi da kiran mutane aiki.

Gayya ba ta ba mu wahala ba. Liman ya yi sanarwa sau ɗaya, ranar Asabar gida ya cika. Masu karo, wato amalanken jaki, suka riƙa kawo ruwa a ganga ba su karɓi ko sisi ba, wanda kuma ya san tsadar ruwa a Gadarif lokacin rani ya san wannan ba ƙaramar sadaka ba ce. Mata suka ɗauki nauyin asida da miyar kuɓewa busasshiya. Samari suka kwashe shara, suka sauke tsohon rufi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Kuɗi ne suka fara nuna mana hali. Aikin ya faɗo a 2021, shekarar da gwamnati ta karya darajar fam ɗin Sudan a watan Fabrairu, daga 55 a kan dala ɗaya zuwa kusan 375, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 300 cikin ɗari. Abin da ka tara ranar Juma'a don kwanon rufi goma, kafin wata Juma'ar ba zai saye su ba. Saboda haka muka daina ajiye kuɗi gaba ɗaya. Duk abin da ya shigo hannu, a ranar ake mayar da shi kwano ko ƙusa ko katako a jibge a zaure. Wannan dabarar ta yi mana rana.

Sai maganar siminti, wadda har yau in na tuna ta raina yana ɓaci.

Gudummawa mafi tsoka ta zo ne daga wani ɗan unguwarmu da ke aiki a Saudiyya. Mutumin kirki ne, niyyarsa kuma ba ni da shakka a kanta. Amma ya haɗa ta da sharaɗi: a shafe bangaye da siminti ciki da waje, a yi fenti fari da kore, domin wurin karatun Alƙur'ani bai kamata ya yi kama da kango ba. Wani matashin birkila ya ce aiki ne mai sauƙi, a buga waya a jikin bango a yaɓa. A cikinmu akwai wani tsohon magini, muna ce masa Baba, wanda hannunsa ya gina rabin gidajen ƙasar unguwar. Yana zaune a gefe yana saurare, da aka gama ya ce wa shugaban kwamiti: "Allah gafarta Malam, ƙasa ba ta riƙe siminti. Ku yaɓe gidan nan da abin da mai shi ya saba yaɓe shi." Na goyi bayansa, mu biyu ko uku. Aka ce mana zamani ya canja, mai kuɗi kuma yana jiran hotuna a WhatsApp. Aka shafe gida. Ya yi kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Aka yi walima, aka fara karatu.

Abin da Baba ya sani mu ba mu auna nauyinsa ba shi ne halin ƙasar da gidan ke kai. Baƙar lakar Gadarif, wadda ta sa garin ya yi suna da dawa da riɗi, ba ta zama wuri ɗaya. Da rani takan bushe ta tsattsage har hannu ya shige cikin tsagar, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga duk abin da ke kanta. Bangon ƙasa yana bin wannan motsin a hankali, in ya tsage a cike tsagar da laka, in ya jiƙe rana ta busar da shi. Siminti ba ya lanƙwasa. Da ƙasa ta motsa sai ya yi ƙananan tsaga, ruwa ya bi ta nan ya shiga baya, ya rasa hanyar fita. Ta ƙasa kuma damshi yana hawowa, shi ma ya tarar an rufe masa ƙofa. Daga waje bango fes, daga ciki yana narkewa.

Ruwan Yuli bai yi nisa ba Baba ya kama hannuna ya kai ni bayan ɗakin baƙi. Ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, sai na ji ƙara irin ta abin da ba komai a cikinsa. Ya sa bakin wuƙa a wata 'yar tsaga kusa da ƙasa ya ɗan banƙara, falle guda ya ɓallo da fentinsa da wayarsa. Abin da ke baya ya yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Na tura yatsa, ya nutse. Ga kuma hanyoyin gara sun miƙe sama zuwa inda kan azara ya shiga bango. Ya ce: "Ɗana, a fitar da littattafai daga ɗakin nan." Aka fitar da wasu, aka bar wasu don an ga bango a tsaye yake.

A watan Agusta aka kwana ana ruwa, kusurwar ɗakin ta zube. Allah ya kiyaye, malamai sun fita ƙauye, ba kowa a ciki. Amma buhun littattafan fiƙihu da wata baiwar Allah ta saya wa ajin mata ya sha laka, allunan yara da dama rubutunsu ya wanke. Na tsaya ina ɗaga shafuka suna manne da juna, ban iya cewa komai ba.

Kuma bango ya zaɓi lokacin da ba za ka samu mutum ɗaya ba. Duk wanda ya yi mana gayya yana gona, ana noman dawa. Daga nan sai yankan riɗi, shi kuwa ba ya jiran kowa, in ya nuna ba a yanke ba kwansonsa ya fashe ya zube ƙasa. Ba ni da fuskar da zan ce wa magidanci ya bar abincin shekararsa ya zo kwaɓa laka. Haka kusurwar ta zauna da leda da buhuna da tokare har bayan kaka. Wanda zai yi irin wannan aiki a nan, ya tabbatar duk abin da ya shafi bango da rufi ya ƙare kafin ruwan farko, domin daga Yuni zuwa ƙarshen shekara 'yan gayyarsa ba nasa ba ne.

Gayya ta biyu ta fi ta farko wuya nesa ba kusa ba. Wanda ka kira sai ya ce, ba mun gama ba? Kuma da gaskiyarsa. Aikin da aka kira shi ma ba mai daɗi ba ne: ya ɗauki guduma ya farfasa abin da ya yi gumi a kansa bara. Simintin da ya ci kaso mafi girma na kuɗinmu, da karo aka kwashe shi aka cike ramin kan hanya.

Wannan karon Baba aka ba wuƙa da nama, muka kuma yanka masa lada, don na gane gayya ƙarfi take kawowa, sanin aiki sai an nemi mai shi an biya shi. Ya sa aka tone gindin bango aka ɗaure shi da 'yan layuka na jan bulo, irin wanda ake gasawa. Ya sake ɗora kusurwar da laka, layi-layi, kowane layi sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba, samari suna ta ƙorafin jinkiri bai kula su ba. Aka haƙa rami aka jiƙa kashin dabbobi da laka aka bar shi ya ruɓa, wato zibala, aka yaɓe waje da hannu. Warin kwana kaɗan ne ya wuce. Azarar da gara ta ci aka canja, sababbin aka shafe kawunansu da baƙin mai. Aka ƙara tsawon indararo don ruwa ya zuba nesa da gindi, aka tara ƙasa ta gangara daga bango zuwa waje. Wurin alwala, wanda da yake manne da ɗakin baƙi yana shayar da shi safe da yamma, aka mayar da shi tsakiyar gida, ruwansa na tafiya gindin darbejiya. Can ne aka sa siminti, da bakin salga, inda yake da amfani.

Shi mai gudummawar na kira shi da kaina na gaya masa duk abin da ya faru. Ya yi shiru, ya ce shi bai sani ba, da an bayyana masa da bai dage ba. Wannan ta fi komai ƙona min rai. Ba wanda ya haɗa shi da Baba a waya ko na minti biyar, kowa yana jin nauyin a ce wa mai bayarwa a'a. Tun daga ranar, duk kyautar da ta zo da sharaɗin yadda za a yi gini, sai magini ya ji ya amince kafin in rubuta ta a littafi.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutane suka kwararo daga Khartoum, sannan daga Madani a ƙarshen shekarar, ɗakunan nan uku sun ɗauki iyalai, karatu ya koma ƙarƙashin rumfa. Bango bai motsa ba. Zibala dai sai an sabunta ta kowace shekara kafin damina, kuma a kowace shekara sai an samu wanda zai tashi a taron kwamiti ya ce wai me zai hana a shafe shi da siminti sau ɗaya a huta.