Yadda na haɗa Faransanci, Jamusanci da Sifaniyanci a shekarun ƙarshe na lise

A lise na Kamaru, wato makarantar sakandare, ɓangaren masu karatu da Faransanci, tun daga aji katriyem (shekara ta uku) ake zaɓar harshe na biyu bayan Turanci, yawanci Jamusanci ko Sifaniyanci, in ka kai sagwand (shekara ta biyar) ka shiga A4, ɓangaren adabi da harsuna, to wannan harshen ya zama naka har bak, jarrabawar kammala lise. Ni Jamusanci na ɗauka, a Yawunde, muna zaune Birkitiri. Baba ne ya ce Jamus ta riƙe ƙasar nan daga 1884 zuwa 1916 kuma har yau 'yan Kamaru na tururuwar zuwa karatu can, don haka ba asara.

Faransanci dai tun firamare muke yinsa, amma na firamiyar da tarminal, azuzuwa biyu na ƙarshe, daban ne wallahi, ba magana ake nema ba, disertasiyon ake nema, a ba ka jimla ɗaya a ce ka tattauna, ka kawo hujja ka kawo kishiyarta sannan ka sulhunta su, kuma malam na riƙe da jan biro yana farautar kowane aksan, alamar da ake sa wa harafi, da ka manta. Abin da ya cece ni shi ne rubuta gabatarwa ɗaya kullum bayan sallar isha'i, gabatarwa kawai, sakin layi ɗaya.

Jamusanci ne ya fi cin lokacina kuma shi na fi so. Sunayen abubuwa jinsi uku ne, der, die, das, kuma ba wata ƙa'ida da za ta fisshe ka gaba ɗaya, ga shi suna sauya kama gwargwadon aikin da sunan ke yi a jimla, hali huɗu. Ga aikatau da ke tafiya can ƙarshen jimla in ka fara da weil (saboda) ko dass (cewa), sai ka riƙe numfashi kana jira ka ji me mutumin ya yi. Na yanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana, kowane suna na rubuta shi da jinsinsa da jam'insa, namiji da shuɗin biro, mace da ja, na ukun da kore, na ɗaure da roba ina juyawa a cikin taksi. 'Yan ajinmu na kuka da jam'i wai ba shi da tsari, ni ko bai tayar min da hankali ba, ai wanda ya tashi da gida gidaje, littafi littattafai, ɗa 'ya'ya ya riga ya saba haddace kowane jam'i da kansa. Malaminmu ya yi mamaki sosai da na nuna masa haka.

Sifaniyanci ba a ajina yake ba. Kawuna na kai kaya Kiye-Osi, bakin iyaka da Ikwatoriyal Gini, masu saye daga Ebebiyin suna zuwa da Sifaniyancinsu, ya ce "kai ɗan boko, koyo min lissafinsu mana". Sai muka yi musaya da wani abokina na A4 Sifaniyanci, ya ba ni kayensa ina kwafa, ni ina taya shi disertasiyon. Mai Faransanci zai fahimci rubutu da wuri don kalmomin 'yan uwa ne, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa, amma fa ser da estar, aikatau biyu masu nufin kasancewa, sai an zauna musu. Hutu ɗaya a rumfar kawu bakina ya buɗe fiye da yadda ya buɗe da Jamusancin da na shekara da shekaru ina ci 15 bisa 20.

Wannan ne ya dame ni, har yau ma. Mun ci probatuwar, jarrabawar ƙarshen firamiyar, mun ci bak da harshen da ba mu taɓa hira da shi ta minti biyar ba, aji cike maƙil, malam ɗaya, yaushe zai saurari kowa. Shi ya sa a tarminal muka haɗu mu kaɗan duk Asabar, awa guda ba Faransanci ba Hausa, muna saurarar darussan Jamusanci na DW a waya muna maimaitawa da ƙarfi. Wanda ke son tafiya Jamus kuma ya sani makin bak bai wadatar ba, takardar shaidar iya Jamusanci ta matakin B1 ko B2 za a tambaye shi, ana zana jarrabawar a cibiyar Goethe nan Yawunde, kuma a ciki akwai saurare da magana baki da baki, don haka ƙanena da ke firamiyar yanzu na riga na sa shi cikin ƙungiyar Asabar ɗin.